Cinikin Gyaɗa da Ƙananan 'Yan Kasuwa a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, 1912–1986

Sundimina ɗaya ce daga cikin garuruwan ƙasar Birnin Kudu, wadda ita da maƙwabciyarta ƙasar Gwaram su ke kudu maso gabas da birnin Kano. Tun 1991 suna cikin Jihar Jigawa, amma a zamanin da za a ba da labarinsa a nan dukansu biyu gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano, kuma duk abin da aka ƙulla a kasuwar Kano sai ya iso musu, ko da ya makara a hanya. Abin nufi a wannan takarda shi ne a bi sawun cinikin gyaɗa a wannan yanki, a ga matsayin ƙaramin ɗan kasuwa a cikinsa, watau mutumin nan mai mudu da jaki biyu ko uku, wanda ba a rubuta sunansa a littafin kowane kamfani ba, alhali kuwa ta hannunsa gyaɗar ta ke barin ƙauye.

Kafin zuwan Turawa wannan yanki bakin daga ne. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi mayaƙan Ningi su kan sauko daga duwatsunsu su kai hari kudancin Kano, su kwashe mutane da dabbobi. Saboda haka jama'a suka taru cikin garuruwa masu ganuwa, noma nesa da gari ya zama kasada. Gyaɗa kuwa ana shuka ta, amma don amfanin gida: a dafa ko a soya, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, harawa a ba dabbobi. Ba wanda ya ɗauke ta hajar fatauci kamar goro ko kanwa ko baƙin rini, domin ta yi nauyi, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan da suka matsa a shimfiɗa ta auduga su ke so, don masaƙun Ingila. Ashe masaƙan ƙasar Kano sun fi su sayen auduga da tsada, manomi kuwa ba ya rasa sanin inda ribarsa ta ke. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun koyi daskarar da man gyaɗa ya zama kamar man shanu, suna nemansa ido rufe. Fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji safarar goro daga Gwanja, su ne suka fara gane abin da ke tafe. Suka karɓi kuɗi da kaya daga kamfanoni, suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da turamen yadi, suna roƙon manoma su ƙara shuka. A 1912 gyaɗar da ta fita Nijeriya ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Yunwar Kakalaba, wadda ta biyo bayan farin 1913, ta mai da hankalin mutane ga hatsi na ɗan lokaci, amma a 1916 abin da ya fita ya kai tan 50,000.

To, yadda cinikin ya ke tafiya shi ne abin lura, gama shi ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa iyaka har ƙarshen zamanin gyaɗa. Kamfani, kamar Kamfanin Neja ko John Holt, ba ya zuwa ƙauye. Sai ya ba wani babban attajiri kuɗi tun kafin kaka, bisa alkawarin zai kawo tan kaza. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja a 1918, shi ne ya fi shahara cikin irin waɗannan, ga kuma Kwarori da Larabawan Tarabulus. Attajiri ya rarraba kuɗin ga yaransa, kowane da yankinsa. Yaron attajiri ya sauka a gari kamar Birnin Kudu, ya nemi mai masauki, ya kafa sikeli, sa'an nan shi ma ya tsattsaga kuɗin ga mutanen ƙauyuka waɗanda suka san gidan kowa da gonar kowa. Waɗannan na ƙarshe su ne ke bin kasuwanni da gidaje suna awo da mudu, suna tarawa cikin mangala, su kora jaki zuwa wurin sikeli.

Watau daga sama har ƙasa kowa da kuɗin wani ya ke ciniki, kuma ba takarda sai amana. Wannan yana da kyau ta fuska guda, don ya ba wanda ba shi da jari hanyar shiga kasuwa. Mutum ya kan fara da fam biyu na maigidansa, in Allah ya yi masa buɗi bayan 'yan shekaru ya sayi jakunan kansa. Amma ta ɗaya fuskar, wanda ya ba da kuɗi shi ke yanka farashi, kuma shi ke riƙe da sikeli. Mai awo ya sayi gyaɗa da mudu, ya sayar da nauyi, tsakanin mudu da sikeli kuwa akwai rami mai zurfi. In gyaɗa ta bushe a hanya ta rage nauyi, hasararsa ce. In farashi ya faɗi a Kano tsakanin ranar da ya saya da ranar da ya kai, labari bai iso shi ba tukuna, hasararsa ce. In manomin da ya ci kuɗi tun da bazara ya kasa cika alkawari, shi ne dai za a bi. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka yi ta kuka da algus a kowane mataki: na sama ya danne sikeli, na ƙasa ya tula mudu in zai saya, manomi shi kuma ya bar 'yar ƙasa da tsakuwa cikin buhu. Kowa yana rama abin da aka yi masa a kan wanda ya fi shi rauni.

Abin da ya ɗaure manomi ga wannan sarƙa shi ne haraji. Da Turawa suka tsara gundumomi, suka tura hakimai su zauna cikin ƙasashensu, sai aka daina karɓar wuri, aka ce a biya da sule da kobo. Lokacin karɓa kuwa ya zo daidai da kaka. Maigida ba ya son taɓa rumbun hatsi, saboda haka gyaɗa ta zama ita ce kuɗin haraji, dole a sayar da ita a watan da kowa ke sayarwa, sa'ad da ta fi araha. Wanda damina ta tsananta masa ya kan ci bashi tun gyaɗar tana ƙasa, ya biya da kaka da abin da ya ninka. Masu awon ƙauye da yawa a nan suka sami ribarsu ta gaske, ba a sikelin attajiri ba.

Sai maganar nisa, wadda ita ce ta bambanta wannan yanki da wasu. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin mil tamanin ne, ta Wudil. Da aka ja reshen jirgi daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, ta arewa ya bi, ya ratsa Ringim. Da aka ja na Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964, ta Bauci da Gwambe ya bi, can kudu. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta zauna tsakanin dogo biyu, ba wanda ya taɓa ta. Farashin gyaɗa kuwa a bakin tasha a ke yanka shi, kowane mil da buhu zai yi kafin ya kai can daga hannun manomi a ke cire ladansa. Wannan ya sa mai jaki da mai raƙumi, daga baya kuma mai babbar mota, suka sami ƙarfi a cinikin nan fiye da takwarorinsu na bakin dogo. Da kasuwannin duniya suka karye daga 1929, a shekarar da kamfanoni suka haɗe suka zama U.A.C., farashi ya yi ta gangarawa har wajen 1934 ya koma kamar sulusin yadda ya ke a da. A irin wannan shekara ladan dako ya kan cinye rabo mai yawa daga kuɗin gyaɗar ƙauyen nesa, haraji kuwa bai sauka daidai da farashi ba.

Yaƙin duniya na biyu ya sa Gwamnatin Ingila ta karɓe sayen gyaɗa daga 1942. Bayan yaƙi ba ta saki ba: aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya a 1949, a 1954 kuma aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ta kan yanka farashi guda kafin kaka, ta ajiye shi har ƙarshen ciniki, ta ba wasu mutane da kamfanoni lasin su saya mata, ta biya su la'ada. Lalle wannan ya raba mai awo da fargabar faɗuwar farashi dare ɗaya, ya kuma buɗe wa attajiran ƙasa ƙofa. Ɗantata ya sami lasin kansa kafin rasuwarsa a 1955, wasu da yawa suka biyo baya, har da jam'iyyun gama kai na manoma. An kuma ƙara kuɗi ga gyaɗar da ba ta karye ba, abin da ya sa injin ɓara na hannu ya fara ture turmi. Amma lasin sai mai jari da ɗakin ajiya da wanda zai tsaya masa. Mutumin ƙauye yana nan inda ya ke, sai dai maigidansa ya sake suna.

Kuma farashin da ba ya faɗuwa ba ya hawa. Hukuma ta kan sayar a Turai da tsada, ta riƙe rarar. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya lissafta cewa tsakanin 1947 da 1961, in an haɗa rarar hukuma da harajin fitarwa, kusan rubu'in abin da ya kamata ya shiga hannun manoman gyaɗa ne aka tsare. An yi aiki da kuɗin, ba a musu: hanyoyi, da masana'antu, da taimakon da aka ba Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a 1962. Sai dai galibin abin da aka gina a manyan birane ya ke. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ta zama abin alfahari har aka buga hotonta a takardar kuɗi, asalinta jirgi ne ya kasa kwashe kaya, buhuna suka taru ana rufe su da tamfol.

Ciniki ya kai ƙololuwa a kakar 1966 zuwa 1967, sa'ad da hukuma ta sayi abin da ya haura tan miliyan ɗaya. Daga nan sai gangara. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share amfanin shekarar, har iri ya yi wuya. Gwamnati ta sami man fetur, hankalinta ya bar gona. An sake kafa Hukumar Gyaɗa ta ƙasa a 1977, amma ba ta sami abin saya sosai ba, domin 'yar gyaɗar da ta rage masu matsar mai na gida sun fi hukuma biya. Matan nan masu mai da ƙuli-ƙuli, waɗanda ba su taɓa karɓar kuɗin kamfani ba, da ɗan jarinsu na adashi su ke juyawa, su ne suka rage a kasuwa bayan da masu lasin suka watse. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya.

Bayan haka riɗi ya hau matsayin da gyaɗa ta bari a yawancin ƙasar Jigawa. Ana tara shi a kasuwannin mako irin ta Sara a ƙasar Gwaram, motoci su kwasa zuwa Dawanau a Kano, daga can a kai bakin teku. Babu hukuma, babu lasin irin na da, labarin farashin Dawanau kuma ya kan iso ƙauye ta wayar hannu kafin a ɗaure bakin buhu. Amma kuɗin saye har yanzu daga Kano su ke fitowa kafin kaka, su bi ta hannu uku ko huɗu, su ƙare a hannun mai mudu.