Ɗora Tsohuwar Taswira a kan Sabuwa: Misali daga Falgore ta Ƙasar Rogo

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wata dabara da ta shigo cikin nazarin tarihi, watau ɗaukar hoton tsohuwar taswira a sa a kwamfuta, sa'an nan a shimfiɗa ta bisa hoton tauraron ɗan'adam da manhaja irin su QGIS ko Google Earth. Mun zaɓi Falgore don misali. Tun da fari ya kamata mu kawar da wani ruɗani: Falgoren da muke nufi ita ce ta Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, ba dajin nan na wajen Tudun Wada da Doguwa wanda a da ake kira Kogin Kano ba. Wanda ya rubuta sunan a manhaja ya karɓi abin da ta fara nuna masa, to, yana iya soma aikinsa a wata ƙasa dabam.

Dalilin zaɓen kuwa shi ne, nan ne ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka kusanci juna. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Karaye a matsayin inda Wambai Giwa ya zauna yana yaƙar Katsinawa zamanin Sarki Muhammadu Nazaki. Ke nan tun ƙarni na 17 yankin bakin iyaka ne.

Yadda dabarar take ba wuya. Mai bincike zai nemi wuraren da ya gane a taswirorin biyu, kamar dutse ko mahaɗar rafuka, ya ɗaure na tsohuwar da na sabuwar. Mu kira su turaku. Akalla ana bukatar uku, sai manhajar ta ja tsohuwar taswirar, ta miƙe ta, har turakun su dace. Abin lura shi ne manhajar ba ta musu. Duk turken da aka ba ta za ta karɓa, ta murɗe sauran ƙasar don ta faranta wa mai shi.

To, ina turken da za a dogara da shi? Rafi yana sauya kwance. Gari kuma yana tashi ya bar kufai, sunan ya bi mutanen. A Rogo kanta akwai mazaɓar Rogo Ruma, akwai ta Rogo Sabon Gari. Idan tsohon mai zane ya ɗiga ɗigo ɗaya ya rubuta Rogo, sai an tambayi dattawa, an kuma bi sawun ganuwa da tsofaffin rijiyoyi da kukoki, kafin a san inda za a kafa turken. Wannan hukunci ne na masanin tarihi, kuma a kansa dukkan aikin ya rataya.

Su ma taswirorin ba iri ɗaya ba ne. Barth, wanda ya iso Kano daga Katsina a Fabrairun 1851, da kamfas da agogo ya riƙa auna tafiyarsa, Petermann kuma ya zana taswirorin da suka fito cikin littafinsa a 1857 da 1858. Garuruwan da ba su kan hanyarsa daga bakin fatake ya samo su, da lissafin zango. Irin wannan taswira hanya take aunawa, don haka idan an shimfiɗa ta aka ga gari ya goce da kilomitoci, gocewar kanta shaida ce ta yadda matafiya suke jin nisan wurin. A ganinmu kuskure ne a matsa mata har sai ta daidaita, domin an shafe shaidar ke nan.

Taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama, sun fi sauƙin sha'ani, amma suna da nasu tarko. An gina su ne bisa ma'aunin Minna, hotunan tauraron ɗan'adam kuwa bisa WGS 84, kuma a wannan yanki bambancin ya kai kimanin mita 80 idan ba a gyara ba. Har ila yau, layin da kaurinsa rabin milimita ne a takarda, mita 25 ne a ƙasa. A haɗa biyun, an cinye gonar mutum. Muna faɗar haka ne saboda duk wanda ya ga layi bisa hoton gonarsa zai ɗauke shi hujja, ya nufi gidan dagaci ko gaban alƙali da shi.

Inda dabarar ta fi amfani shi ne wajen nuna abin da ya ɓace. Madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye ta rufe fadamu da gonaki da matsugunan jama'a. Idan aka ɗora taswirar da ta girme ta bisa hoton yau, sai a ga tsohon kwancen kogin da hanyoyin da suka nutse, a kuma san waɗanne dattawa za a nema da tambaya tun suna raye.

Sai batun iyaka. Layin da ya raba Kano da Katsina a yamma da Rogo ya sha sauya ma'ana. Bayan 1903 Katsina tana cikin Lardin Kano, don haka iyakar masarautu ce kurum. A 1926 aka mai da Katsina Lardin Zariya, layin ya zama iyakar larduna. A 1934 Katsina ta sami lardinta. Daga 1967 ya zama iyakar jihohi, kuma tun 1987 Rogo take maƙwabtaka da jihohi biyu, Katsina da Kaduna. Ta cikin gida ma haka ne: an ƙirƙiri Masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake kafa ta cikin shekarar da daraja ta biyu, da Karaye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. Manhaja za ta jera waɗannan layuka ɗaya bisa ɗaya da launi daban-daban. Amma tambayar wa mutanen Falgore suke kai wa haraji a kowane zamani, da wace kasuwa suke ci, wannan sai a koma ga rahotannin gundumomi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, da kuma bakin mutanen garin.