Tsagewar Karkace a Bim na Bulo Mai Rodi: Nazari kan Ƙa'idojin Gini Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙa'idojin gini na Amurka da Kanada da Turai ke lissafa juriyar bim na bulo mai rodi ga ƙarfin yanka. Ta nuna cewa sun saɓa wa juna a kan abu ɗaya mai hatsari, wato tasirin zurfin bim.

Gabatarwa

Bim na bulo shi ne wanda ake jera bulo mai rami a saman ƙofa ko taga, a shimfiɗa rodi a sahun ƙasa, sannan a ɗura kankare mai ruwa-ruwa a ramukan. Idan nauyi ya lanƙwasa shi, yakan yi gargaɗi: ya lotsa a tsakiya, tsaga ta fito, mutane su ankara. Ƙarfin yanka kuwa ba ya sallama. Tsaga ce ke tasowa kusa da inda bim ya zauna a kan bango, ta haura a karkace, ta raba shi biyu farat ɗaya.

Injiniyoyi sun ɗanɗana wannan a 1955, lokacin da rufin wata ma'ajiyar sojojin sama a Shelby ta jihar Ohayo ya rufta. Bim ɗin na kankare ne, kuma ringin da ke cikinsa, wato rodin da ake tsayarwa don tare tsagar karkace, bai wadatar ba. A 1967 Kani, na Jami'ar Toronto, ya nuna da gwaji cewa gwargwadon zurfin bim marar ringi, gwargwadon raguwar abin da kowane yanki nasa ke iya jurewa.

Inda bulo ya bambanta da kankare

Kankare jiki ɗaya ne, bulo kuwa haɗe-haɗe. Tsakanin kowane bulo da ɗan'uwansa akwai layin siminti, kuma tsaga takan bi waɗannan layuka hawa-hawa kamar matakala. Haka kuma an yi bulo ne don ya ɗauki nauyi daga sama, amma a cikin bim matsi daga gefe yake zuwa masa. Shi ya sa ƙa'idar Kanada ke zabge ƙarfinsa zuwa kashi 50 ko 70 cikin ɗari, ya danganta da ko kankaren ciki ya zarce ba yankewa.

Sai batun ringi. Bulon Kanada na da tsawon milimita 390, ramukansa na zuwa duk bayan kusan milimita 200, kuma a rami kaɗai magini zai iya tsayar da ringi. A bim mai sahu biyu, rabin zurfinsa bai kai 200 ba. Tsaga na iya ratsawa tsakanin ringi biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Abin da ƙa'idojin suka tanada

Ƙa'idar Amurka, TMS 402, tana haɗa gudummawar bulo da ta ringi, amma rabin ƙarfin ringin kawai take ƙirgawa. Ta ce ringi ya zama rodi guda mai lanƙwasar digiri 180 a kowane baki, tazararsa kada ta wuce rabin zurfin bim. Sai dai lissafin ya samo asali ne daga gwaje-gwajen bango, kuma bai rage komai saboda zurfi ba.

Tsohuwar ƙa'idar Birtaniya, BS 5628, ta ɗora juriyar a kan yawan rodin ƙasa: tana farawa daga 0.35 na niyuton a kowane murabba'in milimita, ba ta wuce 0.7. Ƙa'idar Turai ta 2005, EN 1996, ta gaji wannan hanya.

Kanada ce ta canza akala. Sarhat da Sherwood na Jami'ar Carleton a Ottawa sun gwada bim masu zurfi daban-daban, suka ga abin da Kani ya gani a kankare yana nan a bulo. Dalilin a fili yake: a bim mai zurfi tsaga ta fi buɗewa, tsakuwar ɓangarorin biyu ta daina cizon juna. Bugun ƙa'idar Kanada, CSA S304, na 2014 ya lissafa tasirin zurfi bisa ƙa'idar da Vecchio da Collins suka wallafa a 1986.

Kammalawa

Binciken ya nuna cewa a kan ƙaramar linta ta saman ƙofa ko taga ƙa'idojin ba su yi nisa da juna ba, amma a bim mai sahu biyar ko shida marar ringi, wadda ta manta da zurfi za ta ba shi ƙarfin da ba shi da shi. Injiniyan da ya ari lissafin ƙetare a Kano ko Maraɗi yana da ƙarin nauyi, domin an gina alƙaluman a kan bulo mai ƙarfi da aka cika ramukansa taf. Kafin ya yi amfani da su, wajibi ne ya kai bulonsa ɗakin gwaji, ya kuma sa ringi a duk bim mai zurfi.