Gubar Dalma da Lissafin Ruwan Sha a Yammacin Zamfara

Shekara da shekaru, idan ana auna aikin gidan ruwa, yawan litar da aka tura famfo ake dubawa. A 2002 ne masanin ƙasar Holan Arjen Hoekstra ya fito da ma'aunin da ake kira sawun ruwa, wanda ke ƙirga duk ruwan da aiki ya ci. Daga baya aka ƙara masa ruwan da aiki ya ɓata, wato yawan tsaftataccen ruwan da za a surka gurɓatacce da shi kafin ya shawu. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ya fi shafar Anka da Bukkuyum da Gummi.

A Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida, ana niƙawa da injin hatsi, cike yake da dalma, kuma yara kimanin 400 suka rasu. Sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade dalma a ruwan sha kada ta wuce maikurogiram 10 a lita, ke nan giram ɗaya tak na buƙatar lita 100,000 kafin ya sauka zuwa wannan iyaka. Kulorin kuwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya taɓa dalma, tafasawa ma ba ta fitar da ita.

Wani zai ce ai ƙura da ƙasa ne suka kashe yaran, me ya kawo zancen ruwa? Gaskiya ne, ta nan gubar ta fi shiga jiki. Amma a bakin tafki ake wanke garin dutsen, kuma niƙan jiƙa da aka shawarci mahaƙa su koma domin kashe ƙura, a kan ruwa yake ɗora nauyin. Laka ce ke fita, ita kuma ba ta rasa inda za ta gangara da damina. Saboda haka duk rijiyar burtsatse ko matatar ruwa da za a gina daga Anka zuwa Gummi, a fara gwada dalma a ruwan, a kuma rubuta inda za a zubar da lakar.