Shekarar karatu a makarantun boko na ƙasar Abala

Abala gunduma ce a jihar Tilaberi, arewa da Filinge, kusa da iyakar Mali. A da tana cikin gundumar Filinge. A shekarar 2011 aka ba ta matsayin gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi biyu, Abala da Sanam. Mazauna ƙasar su ne Kurfayawa manoman hatsi, da Buzaye da Fulani masu kiwo, da Zabarmawa. Tun 2012 an sami ƙarin ƴan gudun hijira daga Mali. Ƴaƴan dukan waɗannan jama'a tsarin shekara ɗaya suke bi, wanda ma'aikatar ilimi take fitarwa daga Yamai.

Yadda aka tsara shekara

Bisa al'ada ana buɗe makarantun firamare a farkon Oktoba, a rufe su a ƙarshen Yuni. Wata tara ke nan, an raba su zango uku. Hutu na farko yana faɗawa a ƙarshen Disamba, na biyu wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Yuli da Agusta da Satumba su ne babban hutu. Ba a karatu ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, haka ma ranakun Sallah ƙarama da babba da Mauludi. Su waɗannan bukukuwa lissafin wata suke bi, don haka kowace shekara sukan riga zuwansu na bara da kwana 10 ko 11. Gwamnati tana iya ɗage ranar buɗewa: a 2024, saboda ambaliyar ruwa, an ɗage ta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan.

Firamare shekara shida ce, daga ajin CI zuwa CM2. Koleji kuma shekara huɗu ce, ana kammala ta da jarrabawar BEPC. Jarrabawa tana zuwa ne a ƙarshen shekarar karatu, daidai da faɗuwar damana.

Watannin da suke zubewa

Wata taran nan a takarda suke. A ƙauyuka da yawa shekara takan gutsure ta kai da ta gindi.

Oktoba kaka ce. Ana cikin girbin hatsi da ɗaurin damma da roron wake, gida kuwa yana bukatar hannun kowane yaro. Ban da haka, azuzuwa da yawa rumfuna ne na kara da zana, ba a iya kafa su sai an gama girbi an sami kara. Malami yakan iso a kan lokaci ya tarar ba aji ba ɗalibai, har Nuwamba ta shiga. Idan kuma ruwan shuka ya sauka a Yuni, iska ta yaye rumfa, yara sun koma gona tun ba a rufe makaranta ba. Wanda ya rasa wata ɗaya a farko da wata ɗaya a ƙarshe, cikin shekara shida ya rasa wata goma sha biyu, fiye da shekarar karatu guda. A nan ne ake samun yaron da ya kai CM2 bai iya karanta wasiƙa ba, sai a ce ba shi da kai, alhali lokaci ne aka cinye masa.

Rumfar kara tana da wani haɗarin. A 2021 gobara ta kashe yara ashirin a wata makaranta a Yamai cikin Afrilu, ta kashe fiye da ashirin a Maraɗi cikin Nuwamba. Idan za a kafa rumfuna, a bar fili tsakaninsu, a yi wa kowace ƙofa biyu, kada kuma a bar masu tuya su hura wuta kusa.

Matsalar makiyaya dabam ce. Da damana sukan yi arewa da dabbobi, ba su dawowa sai an saki gonaki, wanda sau da yawa yakan kai Disamba. Zango na farko ya wuce ɗansu ke nan, in ba a bar shi hannun dangi kusa da makaranta ba. Inda ake dafa wa ɗalibai abinci, iyaye sun fi yarda su bar yaro.

Sai kuma rashin tsaro. An kafa dokar ta-ɓaci a Abala a watan Maris na 2017, kuma a shekarun da suka biyo baya an rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi. Iyalin da suka baro ƙauyensu kada su jira wata Oktoba. Su je wurin shugaban makaranta mafi kusa, da takardar haihuwar yaro in tana hannu, su faɗi ajin da ya tsaya.

Aikin da yake hannun iyaye

Tun 2005 aka yaɗa kwamitocin kula da makaranta, wato COGES, a duk faɗin Nijar, daga baya aka sake musu suna CGDES. A cikinsu akwai shugaban makaranta da wakilan iyaye maza da mata. Babban taronsu ya kamata ya kasance a Satumba, ba bayan an buɗe makaranta ba. A taron ne za a ƙidaya yaran da suka kai shekara shida ko bakwai, mata da maza, a raba wa gidaje kawo kara da dirka, a nema wa malami masauki. Ƙauyen da ya ajiye zana da itacen bara a wurin da ruwa da gara ba su taɓa su ba, yana iya kafa aji tun hatsi yana gona.

Ga ƴaƴa mata, dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta tanadi a kiyaye karatunsu har su kai shekara 16. Kaka lokacin aure ne, don haka ƙungiyar iyaye mata ta duba rajista bayan hutun Disamba, ta bi gidan duk yarinyar da ba ta dawo ba.