Tarihin ganye mai zaƙi

Jama'a, kun san zuma, kun san rake, kun san sukari. To, akwai wani ganye da ya fi su duka zaƙi. Sunansa siteviya. Ga tarihinsa.

Asalinsa ƙasar Paraguwai ne, can Amurka ta Kudu, wajen iyaka da Barazil. Mutanen wurin, Gwarani, sun san shi tun kaka da kakanni. Da harshensu suna ce masa ciyawa mai zaƙi. Sukan saka shi cikin wani irin shayi nasu mai ɗaci.

Daga bakinsu ne wani masanin tsirrai, Bertoni, mutumin ƙasar Suwis, ya ji labarinsa. A 1899 ya rubuta shi, duniya ta sani. A 1931 wasu masana biyu a Faransa suka tace abin da ke sa zaƙin. Wani farin gari ne, zaƙinsa ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300. Jiki ba ya ƙona shi kamar sukari, shi ya sa ba ya sa ƙiba, ba ya kuma ɗaga sukarin jini. Amma ku lura, ba maganin ciwon sukari ba ne. Mai ciwon nan, kada ya bar zuwa likita.

A 1971 wani kamfanin Japan ya fara sayar da garin. Amurka ta yarda da shi a 2008, ƙungiyar ƙasashen Turai a 2011. Yau ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi, manyan kamfanoni na zuba shi cikin lemun kwalba.

To, ina rabon Gwarani? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yawansu talakawa ne, filayensu sun koma hannun masu manyan gonaki da garken shanu. A 2010, a birnin Nagoya na Japan, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya: wanda ya ci riba da sanin wasu mutane, ya ba su rabonsu. A 2016 shugabannin Gwarani suka taru, suka nemi nasu.

Ƴan'uwa, ku dubi wannan labari. Kafin masana su auna ganyen nan, mutanen karkara ne suka gane shi. Abin da tsofaffinku suka sani na itace da ganye, shi ma dukiya ne. Ku tambaye su tun suna raye, kuma ku san darajarsa.