Gani ya kori ji: tarihin na'urorin gano ciwon ƙarfe da na hanyar mai

Duk macen da ta san kasuwa ba ta biyan kuɗin tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. In tukunyar ta amsa da ƙara wasai, lafiyarta lau. In muryarta ta fito a dushe, to akwai tsaga a ɓoye ko da ido bai gan ta ba. Wannan dabara ita ce uwar wani babban fanni na ilimin masana'antu, wato gano aibin abu ba tare da an fasa shi ba. Tun cikin ƙarni na 19, a tashoshin jiragen ƙasa na Turai akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne bin jirgi da doguwar guduma, suna bugun ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, suna kasa kunne. Abin da za mu bi a nan shi ne yadda wannan aiki ya tashi daga kunnen gwani ya koma ga na'ura, da kuma abin da har yau ya rage a wuyan mutum.

Asara ce ta fara tilasta wa masana neman abin da ya fi kunne. Ranar 8 ga watan Mayu na 1842, wani jirgin ƙasa ya taso daga Versailles zuwa Paris, cike da mutanen da suka je kallon bikin sarki. Da ya iso Meudon, sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun kan jirgin, wadda makanikai ke kira gatari, ta karye. Taragu suka hau kan juna, wuta ta kama, ga shi kuma a wancan zamani kulle fasinjoji ake yi a ciki. Aƙalla mutum 55 suka rasu, cikinsu har da Dumont d'Urville, sanannen jagoran jiragen ruwa, da iyalinsa. Tambayar da ta dami injiniyoyi ita ce: me ya sa ƙarfen da ya daɗe yana aiki lafiya zai karye ba gargaɗi? A 1843 William Rankine, ɗan ƙasar Sikotilan, ya nuna cewa tsaga tana farawa ƙarama a wurin da ƙarfe ya yi kusurwa mai kaifi, sannan ta riƙa ci a hankali. Daga baya August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa a Jamus, ya ƙera injunan da ke juya sandunan ƙarfe ƙarƙashin nauyi sau dubbai har miliyoyi, aka kuma baje sakamakon aikinsa a Paris a 1867. Ya tabbatar da cewa nauyin da bai isa karya ƙarfe sau ɗaya ba yana karya shi in an yi ta maimaitawa. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Tun da an gane cewa ciwon daga ƴar tsaga yake farawa, sai aka shiga neman hanyar ganinta tun tana ƙarama. Dabarar farko a ɗakunan gyaran jiragen ƙasa ba ta buƙatar komai sai mai da alli. A tsoma ƙarfe cikin man da aka tsinka da kananzir, a goge shi tas, a shafe shi da farin alli, sannan a buga shi da guduma. Man da ya maƙale cikin tsaga sai ya tsattsafo, ya zana baƙin layi a kan farin. Bayan ta aka samo ta maganaɗisu: a sa wa ƙarfe ƙarfin maganaɗisu, a barbaɗa masa garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsaga. Alfred de Forest da Foster Doane suka kafa kamfanin Magnaflux a Amurka a 1934 domin wannan aiki. Sai dai dukansu biyu tsagar da ke sama ko kusa da sama kaɗai suke nunawa. Domin leƙa cikin ƙarfe aka ɗauko hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, wanda likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, aka kuma ɗauko sautin da ya fi ƙarfin jin kunne. Sergei Sokolov ya kawo shawarar amfani da wannan sauti a Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1920, Floyd Firestone na Jami'ar Michigan kuma ya samu takardar mallakar na'urarsa a 1942. Na'urar tana aika sauti cikin ƙarfe, ta auna lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. In ta dawo da wuri, akwai abin da ya tare ta a hanya.

Hanyar mai a cikin mota kuwa nata ciwon daban ne, domin a nan awo ne ke ɓaci. Injin Rudolf Diesel ya fara aiki sosai a Augsburg a 1897, amma bai shiga manyan motoci da yawa ba sai da kamfanin Robert Bosch ya fara ƙera famfon tura gazuwal da yawan gaske a 1927. Aikin famfon shi ne auna ɗigon mai daidai wa daida ga kowace silinda, ya tura shi da matsi mai tsanani ta bakin feshi, wanda ake kira injekta, a daidai lokacin da ya kamata. Ratar da ke tsakanin sassan cikinsa ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na milimita ba, saboda haka babu ido ko kunnen da zai iya daidaita shi. Dole aka ƙera masa teburin gwaji. A ɗora famfo, injin lantarki ya juya shi da gudun da aka ƙayyade, kowace ƙofa ta zuba manta cikin dogon bututun gilashi mai ma'auni. Bayan adadin bugu da aka ƙirga, sai a dubi bututun a jere: wanda ya fi ko ya kasa ƴan uwansa, nan ciwon yake. Shi kuma injekta ana gwada shi da ƙaramin famfon hannu mai agogon matsi, a ga a wane matsi yake buɗewa, a ga kuma ko feshi yake yi kamar hazo ko ɗiga yake yi. Da aka fito da tsarin da ke tara gazuwal cikin bututu guda mai matsi, wanda ya shiga ƙananan motoci a 1997 da Alfa Romeo 156, matsin ya kai bar 1350, a motocin baya-bayan nan kuma ya haura 2000. A irin wannan matsi, ƙwayar ƙura ko ɗigon ruwa cikin mai ya isa ya lalata injekta.

Mataki na gaba hayaƙi ne ya haife shi. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke shaƙe birnin Los Anjeles yana fitowa ne daga haɗuwar hayaƙin motoci da na masana'antu da hasken rana. Dokoki suka biyo baya. A 1976 Volvo ta sa wa motocinta wata ƴar na'ura ta Bosch da ke shinshina hayaƙi a bututun salansa, ta gaya wa injin ko mai ya yi yawa ko iska ce ta yi yawa. Jihar Kalifoniya ta wajabta daga 1988 cewa mota ta riƙa duba kanta da kanta, ta kunna fitila gaban direba in ta ga matsala. Daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka sai da tsarin OBD-II, mai soket iri ɗaya mai baki 16 kusa da sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na gazuwal. Lambobin ciwo ma aka daidaita su: P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0455 na nufin tururin fetur yana zurarewa, wanda sau da yawa murfin tanki ne ba a rufe da kyau ba. Motar da kanta take toshe hanyar tankinta ta auna matsi, har ta gano ramin da bai wuce milimita ɗaya ba.

Amma na'urar da aka koya wa faɗin gaskiya ana iya koya mata ƙarya. A 2013 masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗora kayan auna hayaƙi a kan motocin gazuwal, suka hau hanya da su maimakon su tsaya a ɗakin gwaji. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa kwamfutar motocinsa dabarar gane lokacin da ake gwada su, su rage guba a lokacin, su sake ta a kan hanya har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa a duniya.

Wannan tarihi ya iso mu ta kan teku. Shekaru da dama tsofaffin motocin Turai da Amurka suna sauka a tashoshin Kwatano da Lome, suna hawowa Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kowace da soket ɗinta da kwamfutarta. An ƙera su ne domin mai tatacce, sai ga su cikin ƙurar hunturu, suna shan man kwalba na bakin hanya. Makanikin da ya koyi aiki da kunne, wanda ke ɗora sukudireba kan injin ya kanga kunnensa, yau yana fuskantar injin da ba ya faɗin ciwonsa sai ta waya. In ba shi da na'urar karanta lamba, sai ya koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota, ko ya kashe fitilar gargaɗi ciwon yana nan. In kuma yana da na'urar amma ya ɗauke ta boka, nan ma asara ce, domin lamba tana nuna inda alamar ta fito ne kawai: P0171 na iya zama tsagaggen tiyo, ko toshewar matatar mai, ko famfon da ya gaji, kuma mai sanin injin ne kaɗai zai rarrabe.

Ya kamata makarantunmu na koyon sana'a da shugabannin garejoji su haɗa wa almajiransu ilimin biyu, na karanta lamba da na sanin ƙarfe. Akwai kuma gwajin da ba ya jiran kayan waje. Gatari ko sandar sitiyarin da aka yi wa walda, kafin a mai da shi jikin motar da za ta ɗauki fasinjoji zuwa kasuwar ƙauye, ana iya gwada shi da kananzir da alli kamar yadda aka yi a ɗakunan gyaran jiragen ƙasa fiye da shekara 100 da suka wuce. Kuɗin wannan gwaji bai kai na litar mai ɗaya ba.