Keken ɗinki da bargon ƙyallaye: tarihin wata gardama

A ƙasar Amurka akwai wani irin bargo da mata ke haɗawa da guntayen ƙyallaye. Hawa uku ne: fuskar ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, yadi guda a ƙasa. Ɗinkin da ke ratsa ukun ya riƙe su wuri ɗaya shi ne mai cin rai. Da hannu yakan ɗauki watanni, shi ya sa matan ƙauye kan yi gayya, su shimfiɗa bargon bisa katako su kewaye shi da allurai.

Keken ɗinki bai shigo duniya cikin lumana ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya sami takardar mallakar nasa a 1830, amma a 1831 telolin Paris suka farfasa kekunansa don tsoron rasa abincinsu. A Amurka kuwa, bayan ƙirar Elias Howe ta 1846 da ta Isaac Singer ta 1851, keke ya shiga gidaje, kuma matan wancan ƙarni ba su ji kunyarsa ba. Wasu ma sukan bar ɗinkin keken a fili bisa bargo, domin mallakarsa abin alfahari ne.

Raini daga baya ya zo. Da sana'ar ta farfaɗo cikin shekarun 1970, musamman bayan nunin bargunan da gidan Whitney na New York ya yi a 1971, masu sha'awarta suka ɗauki ɗinkin hannu a matsayin gadon kakanni, na keke kuwa aikin rago. Wannan hukunci bai san tarihi ba, tunda kakannin da ake fakewa da su sun taka keke da murna.

Harriet Hargrave ta fitar da littafin koyar da ɗinkin bargo da keke a 1987. A 1989, a gasar garin Paducah ta jihar Kentaki, bargon Caryl Bryer Fallert mai suna Corona II ya ci babbar kyauta, karo na farko ga aikin keke a wannan gasa. Aka yi ta gunaguni, amma alƙalai sun riga sun yanke.

Mai cewa aikin rago ne bai taɓa ganin sabuwar shiga tana fama ba. Sai ta fara kafe hawa ukun da fil masu yawa, ta nannaɗe bargon ta cusa shi cikin ɗan ƙuncin da ke tsakanin allura da jikin keke, ta soma daga tsakiya zuwa gefe. Haƙoran keke daga ƙasa suke jan yadi; in ba ta saka ƙafar da ke ja daga sama ba, fuskar bargon ta yi baya, ƙasan ya tattare. In kuwa zane take so, sai ta saukar da haƙoran, tsawon kowane ɗinki ya koma ga saurin hannunta da takun ƙafarta.